Cika tankin ruwan motar tafi-da-gidanka a kan hanya: a ina ake samu, da me ake zubawa?

Baban Amira:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar motar tafi-da-gidanka ce, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki. Mun sayi ta hannu a nan Faransa, an gina ta a kan Fiat Ducato, iyakar nauyinta a takarda kilo 3,500. Tankin ruwa mai tsabta lita 110 ne, na ruwan datti lita 90. A watan Yuli in Allah ya kai mu za mu tashi daga Liyon mu gangara kudu mu shiga Sifaniya, in hali ya yi mu tsallaka Maroko. Mu huɗu ne, ni da uwargida da yara biyu.

Abin da ya shige mini duhu shi ne ruwa. A ina ake cika tanki idan ana kan hanya, musamman ranar da ba a sansanin masu yawon buɗe ido aka kwana ba? Wane kaya zan tanada? Wanda ya sayar mini ya bar wani koren tiyo a ma'ajiyar baya, ko shi ma ya isa? Maƙil ake cikawa kafin a tashi ko kuwa? Sannan ruwan tankin ana sha, ko na wanka da wanke-wanke ne kawai? Allah ya saka da alheri.

Mai Famfo:

Wa alaikumus salam Baban Amira. Allah ya sanya albarka a motar, ya tsare hanya.

Koren tiyon nan kada ya sake kusantar bakin tankinka. Na farko, tiyon ban-ruwan lambu ne, robarsa tana sakin wari da ɗanɗano cikin ruwa, balle in rana ta dafa shi. Na biyu, ba ka san inda mai motar ya riƙa cusa shi ba. Tanki kamar randar gida yake, sau da yawa ba ruwan ne ke ɓata ta ba, moɗar da ake tsomawa ce. Ka sayi tiyon da aka rubuta a jikinsa cewa na ruwan sha ne, galibi shuɗi ne ko fari, mai faɗin rabin inci. Mita 10 zuwa 15 ya wadatar. Gara ma ka raba shi biyu, guntu mai mita 5 da dogo mai mita 10, da abin haɗa su a tsakiya, domin yawancin wurare guntun ya isa, kuma ya fi sauƙin tsiyayewa. Akwai wani shafaffe da ake naɗewa a faifai, ba ya cin wuri, amma sai an warware shi duka kafin ruwa ya wuce, ko da famfon yana gefen ƙafarka.

Bayan tiyo, abin da ya fi ba mutane wahala shi ne bakin famfo. Famfunan waje a Turai masu zare girma uku ne: rabin inci, wato milimita 21, inci uku bisa huɗu, milimita 26.5, shi ne aka fi samu. Sai inci ɗaya, milimita 33.3. Ka sayi mahaɗin kowane ɗaya, na kamfanin Gardena ko na Hozelock, suna shiga juna. Na inci uku bisa huɗu ka sayi biyu ko uku, domin shi ake mantawa a jikin famfo a ja mota a tafi. Ka haɗa da mahaɗin roba mai kilif wanda ake matsewa a bakin famfo marar zare, da 'yan zobban roba na canji, domin da zarar zoben ya tsage rabin ruwan a ƙasa zai ƙare. Akwai kuma ɗan makulli mai baki huɗu na buɗe famfon da aka cire wa hannu, amma wannan sai da izinin mai wurin, tunda ba banza aka cire hannun ba.

Kada ka raina butar ban-ruwan shuka mai lita 10, mai dogon hanci. Duk inda mota ba za ta iya matsawa kusa da famfo ba, ko zaren bai dace ba, ita ce mafita. Sawu biyar lita 50 ke nan. Wanda bayansa ba ya son ɗauka ya nemi jarka mai lita 20 da ɗan injin da ake tsomawa cikin ruwa mai aiki da bolt 12, yana kwashe jarkar cikin minti biyu.

Ga yadda ake zubawar. Ka tsayar da motar a wuri mai daidaito, domin in ta karkata iska tana maƙalewa a saman tanki, sai ya riƙa amai alhali bai cika ba. Ka dubi murfin da za ka buɗe da idonka, ka karanta abin da aka rubuta. A Ducato bakin dizal yana jikin ginshiƙin ƙofar gaba ta hagu, na ruwa kuwa yana can jikin ɗakin. In motar ta zamani ce mai shan AdBlue, wato ruwan rage gubar hayaƙin dizal, murfinsa shuɗi ne kuma yana kusa da na dizal, kada shuɗin ya ruɗe ka. Dizal in ya shiga tankin ruwa, robar tana riƙe warinsa, sau da yawa sai an canza tanki da bututai. Ruwa in ya shiga tankin dizal, kada a kunna injin ko sau ɗaya, a kira masu janwe.

Kafin ka ɗaura tiyo, ka fesa wa bakin famfon maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ka goge shi da barasar goge hannu, ka bar shi minti ɗaya. Ka saki ruwa ya zuba a ƙasa kamar rabin minti, ruwan da ya kwana cikin bututu a rana ya fita. Ka tari kaɗan a farin kofi, ka duba, ka sunsuna. Sannan ka ɗaura tiyonka, ka sake barin ruwa ya ratsa shi ya zube kafin ka sa a tanki. Bakin tiyon kada ya taɓa ƙasa, domin a wuraren cika tanki nan ne kuma ake zubar da ruwan datti da na bayan gida.

Ka cusa tiyon kamar tsawon tafin hannu kawai, ka buɗe famfo rabi. Tanki yana da siririn bututun da iska ke fita ta ciki yayin da ruwa ke shiga. In ruwan ya fi ƙarfin bututun, sai ya dawo maka a fuska. In ka rage gudu kuma har yanzu yana dawowa, to bututun iskar ya lanƙwashe ko ya toshe, wani lokaci ƙwari ne ke yin gini a bakinsa idan mota ta daɗe a ajiye. Famfo mai lafiya yana ba da lita 10 zuwa 15 a minti, don haka tankinka zai cika cikin minti 7 zuwa 11. Kada ka bar shi ka tafi wani abu. In ya cika ya wuce, matsin yana tura ruwa ta babban murfin saman tanki da ke ƙarƙashin kujera, kuma in zoben murfin ya tsufa, katakon ƙasan motar ne zai sha, shi kuwa gyaransa tsada gare shi.

In ka gama, ka ɗaga tiyon daga wannan baki zuwa wancan ya tsiyaye sarai, ka haɗa bakunan biyu da juna ko ka toshe su, ka sa shi a jakarsa shi kaɗai. Kada ya haɗa akwati da safar hannu da kayan bayan gida.

Ɗan Damagaram:

Malam Mai Famfo ya gama maganar kaya. Ni bari in taɓa maganar wuri.

Faransa ita ce ƙasar da ta fi sauƙi. Garuruwa da ƙauyuka da yawa suna da filin da aka ware wa irin motocin nan, allon yana cewa "aire de services", da hoton mota tana zubar da ruwa. A wurin akwai wani ɗan ginshiƙi, irin na kamfanin Flot Bleu ko Euro-Relais, da ke ba da ruwa, wani lokaci har da wuta. Wasu kyauta ne. Masu kuɗi galibi euro 2 zuwa 3 ne a kan kimanin lita 100 ko minti 10. Wasu katin banki suke karɓa, wasu ƙwandala, wasu kuma wata ƙwandala ta musamman da ake kira "jeton", wadda ake saya a ofishin masu yawon buɗe ido, ko ofishin magajin gari, ko gidan burodin ƙauyen. Matsalar ita ce ranar Lahadi da yamma duk a rufe suke, kuma ta wannan kamfani ba ta shiga injin wancan. In ka samu ka sayi biyu. Akwai kuma filayen Camping-Car Park masu shinge, da katinsu ake shiga.

Inda ake lissafi da minti, ka shirya komai tukuna: tiyo a ɗaure, murfi a buɗe, sannan ka jefa kuɗin. Wasu famfunan na dannawa ne, da ka saki sun tsaya, to sai mutum biyu, ɗaya a famfo ɗaya a bakin tanki.

Abin da nake so ka riƙe da kyau, Baban Amira: ginshiƙan nan famfo biyu gare su. Ɗaya na ruwan sha, ɗaya na ɗauraye akwatin bayan gida. Na ɗaurayar yawanci yana ƙasa, kusa da ramin zubarwa, ba shi da zare. Kada ka kusance shi da tiyonka. In kuwa famfo ɗaya ne tal a wurin, ka ɗauka cewa an riga an cusa bakinsa cikin akwatin bayan gidan wani, domin ana yi. Ko ka wanke shi sosai da magani, ko ka wuce gaba. Tiyon da ka tarar a rataye a wurin ma haka, cire shi ka sa naka.

Rubutun da za ka nema: a Faransa "eau potable", a Sifaniya "agua potable". In ka ga "non potable" ko "no potable", ba na sha ba ne. Maɓuɓɓugan tsakiyar ƙauyukan Faransa wasu an rubuta "eau non contrôlée", ma'ana ba wanda ke auna shi. A Sifaniya famfo ko bututu mai launin shunayya ruwan da aka sake tacewa ne don ban-ruwan lambu, ba a zuba shi a tanki.

Sifaniya tana da nata filayen, "área de autocaravanas", amma ba su kai na Faransa yawa ba, kuma a gaɓar teku a watan Yuli da Agusta layi ake yi. Gidajen mai da yawa suna da famfo kusa da wurin iskar taya. Ka sha mai, ka tambaya, galibi za su bari. Kada ka ɗebi ruwa a shawar bakin teku ko famfon lambun gari, 'yan sandan gari suna cin tara a kai. Yankin ya yi fama da fari, a watan Fabrairun 2024 sai da Kataloniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa, an rufe famfuna da yawa na waje. Sansanoni da dama kuma suna barin mai wucewa ya cika ya zubar a kan 'yan euro kaɗan ba tare da ya kwana ba.

Ka sa manhajar park4night da Campercontact a waya, masu nuna wuraren tsayawa da na cika ruwa. Kada ka tsaya a alamar famfo kawai, ka karanta sharhin baya-bayan nan, nan ne ake faɗin cewa injin ya lalace. Masu tafiyar hunturu su sani cewa daga Nuwamba zuwa Maris ana kashe ruwan filaye da yawa saboda daskarewa. Kai wannan bai shafe ka ba.

Hajiya Maman Biyu:

Sannunku da ƙoƙari. Maganar cikawa maƙil ba a amsa ba, kuma ita ce mai haɗa mutum da hukuma.

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tankinka cike kilo 110 ne, da tukunyar ruwan zafi lita 10, ya zama 120. Irin motocin nan masu kilo 3,500 yawanci kilo 400 zuwa 500 kawai suka rage na kaya, kuma a ciki za a cire uwargida da yara, da tukwanen iskar gas, da rumfa, da kekuna, da abinci, da tufafi. Nauyin da kamfani ke rubutawa na motar da ba kaya ya ƙunshi direba mai kilo 75 da mai, amma ruwa sau da yawa lita 20 kawai suka lissafa. Shi ya sa a motoci da yawa, musamman ƙirar Jamus, za ka ga wani ɗan hannu a saman tanki wanda in an ɗan murɗa shi yake zubar da ruwa ya bar lita 20. Lasisin ƙaramar mota a Turai ma iyakarsa kilo 3,500 ne. In an auna ka ka wuce, akwai tara, kuma suna iya hana motar motsi sai an rage kaya.

Shawarata, Baban Amira, ku loda komai kamar ranar tafiya, kowa ya shiga, a cika mai, a bar tankin ruwa babu komai, ku hau sikelin manyan motoci. Ana samu a wuraren sayen hatsi da wuraren zubar da shara na gari. Abin da ya rage zuwa 3,500 shi ne ruwan da za ku iya ɗauka. A auna gaba daban, baya daban, domin ma'ajiya a baya take, ƙafar baya tana iya wuce ƙa'idarta alhali jimillar ba ta wuce ba. Ranar doguwar tafiya a babbar hanya lita 20 zuwa 30 ta isa, a cika idan an kusa masauki.

Yanzu lissafin gida. Sha da girki, mutum ɗaya lita 3 zuwa 5 a zafin Yuli. Wanke-wanke a roba lita 6 zuwa 8 a yini. Wanka in an jiƙa jiki an kashe, an saɓa sabulu, an ɗauraye, lita 8 zuwa 12. Amma abin da lissafin Turawa ba ya sakawa shi ne alwala da tsarki. Famfon motar yana zubar da lita 6 zuwa 7 a minti. Mai alwala a sake da famfo zai ci lita 10 bai sani ba, sau biyar a yini, mutum biyu ko huɗu, tankin ba zai ga magariba ta biyu ba. Ku tafi da butoci. Buta ɗaya lita ɗaya da rabi tana yin alwala har ta rage, kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, wanda bai kai lita ba. Inda wuri ya ba da dama a yi alwalar a waje, tankin datti ya huta.

Ruwan tsarki kuwa akwatin bayan gida yake shiga, shi kuma lita 17 zuwa 19 ne kawai. Ga iyali huɗu, kullum ko bayan kwana biyu sai an zubar. Don haka shi zai riƙa kai ku wurin famfo tun kafin ruwa ya ƙare. Da tattali za ku riƙa cin lita 45 zuwa 60 a yini, wato tanki ɗaya kwana biyu. Duk lokacin da aka cika, a zubar da na datti a lokacin, in ba haka ba mai lita 90 zai cika ya dawo ta ramin wurin wanka.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Hajiya, maganar sikeli ban taɓa kawo ta a raina ba. Na sayo tiyo na gwada a gida. Tankin ya ɗauki ruwa, amma da na kunna injin ruwa sai na ga yana zuba ta ƙarƙashin motar, famfon kicin kuma sai tari yake yana tofar da iska. Gejin ma yana nuna kashi 75 ko tankin ya cika ko babu komai. Wani abu ne ya fashe?

Mai Famfo:

Da wuya a ce fashewa ce. Mai motar ya tsiyaye ta ne kafin ya ajiye, ya bar bawul a buɗe. Ka duba kusa da tukunyar ruwan zafi, in Truma Combi ce za ka ga ɗayan biyu. Ko ɗan hannu ruwan ɗorawa: a tsaye buɗe yake, a kwance rufe. Ko kuma wani baƙin bawul mai shuɗin maɗauri a sama da maɓalli a gefe, sunansa FrostControl. Shi wannan sai ka murɗa maɗaurin ya yi layi ɗaya da bututun, sannan ka danna maɓallin har ya kama. Da kansa yake buɗewa in sanyi ya sauko wajen digiri 3, don kada ƙanƙara ta fasa tukunya, kuma ba ya yarda ya rufu sai wurin ya haura digiri 7. Masu kwana a kan duwatsu su kula, yana iya zubar da ruwansu cikin dare in an bar injin ruwa a kunne.

Bayan ka rufe, ka kunna injin ruwa, ka juya famfon kicin gefen zafi ka buɗe. Zai yi ta tari na minti ɗaya ko biyu, lita 10 ce ke shiga tukunya tana koro iska. In ruwa ya miƙe, ka yi haka a gefen sanyi, sannan banɗaki, sannan shawa. Kada ka kunna wutar tukunyar sai ka tabbata ta cika. Daga nan ka koma ka ƙara wa tanki abin da ya ragu.

In tarin bai daina ba, ka gano irin injinka. Wanda ke cikin tanki a tsome, iska ce ke maƙale masa, ka ɗan girgiza shi ta bututunsa a cikin ruwan. Irin wannan ba ya jure aiki a bushe, nan da nan yake ƙonewa, don haka da tanki ya ƙare a kashe makunni. Wanda ke waje kuwa, irin Shurflo, yana da 'yar rariya mai murfi garai-garai a bakinsa. Ka kwance ta ka wanke, ka duba ko murfin ya tsage, domin ta nan yake shaƙar iska. In kuma kana jin yana ɗan tashi shi kaɗai alhali duk famfuna a rufe, akwai yoyo a wani wuri, ka bi mahaɗan da busasshen tsumma.

Gejin kuwa sanduna ne na ƙarfe da suka sauka cikin tanki, ruwa ne ke haɗa musu wuta. In farin ɓawon ruwa da yauƙi suka lulluɓe su, sai su yi ta nuna abu ɗaya. Ka buɗe babban murfin, ka goge su da soso da ruwan khal. Ko mai lafiya ma mataki huɗu kawai yake nunawa. Mai son sanin gaskiya ya sa ɗan mitan ruwa a bakin tiyo, yana ƙirga litar da ta shiga.

Malama Ummu Sadik:

Tunda za a buɗe murfin, a wanke tankin gaba ɗaya, domin motar da ta daɗe a ajiye ba a shan ruwanta haka nan. Ka sa hannu ka shafa bangon ciki. In ka ji santsi, ƙwayoyin cuta ne suka yi shimfiɗa, kuma magani kaɗai ba ya ɗaga ta, sai an goge da sabon burushi an tsiyaye.

Sannan a kashe ƙwayoyin. Da bilicin gida marar turare mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, mililita 1 ake sa wa kowace lita. Javel, wato bilicin Faransa, na jarka kashi 2.6 ne, don haka ninki biyu, wato wajen mililita 220 a tankinka. A dama shi a bokiti tukuna, a zuba, a cika tanki, a buɗe kowane famfo har a ji warin, a rufe, a bari awa 4. A zubar, a cika a zubar sau biyu ko uku. Kada a taɓa haɗa shi da ruwan khal ko wani abu mai tsami, iska mai guba suke fitarwa. In an goge sanduna da khal, a ɗauraye sosai kafin a kawo bilic.

A kan hanya kuma, ruwan da ya kwana uku a tanki cikin zafi a zubar a sake sabo. Kulorin ɗin da ke cikin ruwan gari yana gushewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙwayar Legionella tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta tururin wanka take shiga huhu, ba ta sha ba. A riƙa kai tukunya digiri 60. Ga yara ni na fi natsuwa da a ware jarka mai lita 10 ta sha kaɗai, ana cika ta kai tsaye daga famfon da aka yarda da shi, ana wanke ta kullum.

Mai Famfo:

Malama, ma'auninki daidai ne, amma akwai gyara ɗaya. Tukunyar Truma ta ƙarfe ce marar tsatsa, kuma kamfanin da kansa ya ce kayan wanki masu kulorin ba su dace da ita ba, suna cin ƙarfen. Yawancin motocin Turai ba su da bututun kewaye tukunya. Don haka in da bilic za a yi, a fara cika tukunyar da ruwa zalla, a buɗe gefen sanyi kawai yayin wankin, zafin digiri 60 ya ji da gefen zafi. Ko kuma a sayi maganin wanke tanki da ake sayarwa a shagunan kayan motocin, a bi abin da aka rubuta. Masu sinadarin azurfa irin Micropur Classic adana ruwa mai tsabta suke yi har wata shida, ba sa gyara gurɓatacce. Mai kulorin a ciki shi ne Micropur Forte.

Matatar gawayi kuma kada a sa ta a bakin tiyo in ruwan gari ne. Tana cire kulorin, sai ka zuba wa tanki ruwan da ba shi da mai tsaro. Wurinta ƙarƙashin famfon kicin.

Ɗan Damagaram:

Saura Maroko. In kun hau jirgin ruwa daga Aljesiras zuwa Tanja, ginshiƙan nan na Faransa sai ku manta da su. Sansanoni ne wurin cikawa, sai gidajen mai in an tambaya. Ruwan manyan birane ana sa masa kulorin, ya isa wanka da girki, na sha kuwa yawancin matafiya jarkar lita 5 suke saya a kanti. Ruwan sansanonin kudu wani daga rijiya yake, wani da gishiri-gishiri, ka ɗanɗana kafin ka zuba, domin matata ba ta cire gishiri. Famfuna marasa zare sun fi yawa kuma ruwan ba ƙarfi, nan mahaɗin roba da butar ban-ruwa za su yi aiki.

A nan ne matata a bakin tiyo take da amfani, amma ta tare yashi da laka, mai maikuron 5 ko 10, wato ma'aunin ƙanƙantar ramukanta. In ba ka yarda da ruwan ba, mililita 4 na bilic mai kashi 5 ga kowace lita 100, ko mililita 8 na javel mai kashi 2.6, a jira rabin awa. Da sirinji ake aunawa, ba da murfin kwalba ba. Ya kamata a ji ɗan warinsa kaɗan bayan rabin awar. In babu ko kaɗan, dattin ruwan ya cinye shi, a maimaita sau ɗaya. Ruwa mai gurɓi a bar shi a jarka ya kwanta tukuna, a tsiyaye na sama. Kulorin ba ya kashe kowace ƙwaya, don haka na shan yara in ba na kanti ba ne a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka.

Famfon unguwa ko rijiyar ƙauye kuwa, ƙasar ta yi shekaru tana fama da fari, lita 100 ruwan gida guda ne na yini ko fiye. A yi sallama, a nemi izini, a bar masu tulu da jarka su gama, a biya in an ce a biya, a ɗebi jarka ɗaya ko biyu da za ta kai ku sansani na gaba.